Sanƙarau da Sabuwar Allurar da Ake Gwaji: Abin da Ya Kamata Gidajenmu Su Sani

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyayen gida da dattawan zango a Kumasi, gab da shigowar hunturu.



Mai martaba sarkin zango da 'yan majalisarsa, limamanmu da malamanmu, iyayenmu maza da mata, magajiyoyi, 'yan'uwa matasa, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasu sun rufe shago, wasu sun baro tukunya a kan wuta, Allah ya saka da alheri. Iyaye, a yi mana afuwa mu yara mu tsaya gabanku muna bayani. Aike ne kuka yi mana, mun je mun tambayo, yau mun dawo da amsa.

Abin da ya kawo wannan zama shi ne saƙon murya da ya yi ta yawo a wayoyinmu kwanakin baya. Mai maganar ya ce wai Turawa sun ƙera allurar sanƙarau da ke canza halittar mutum, kuma wai za a fara yi wa yaranmu a ɓoye. A satin da saƙon ya bazu, wasu mata sun ƙi kai jarirai awo. Wata baiwar Allah kuma ta zo mana da akasin haka, ta ce ita ta ji sabuwar allurar ta fi tsohuwar ƙarfi, don haka za ta jira ta iso kafin a yi wa ɗanta. Duka biyun sun bar yara babu kariya, ga iskar hunturu na tahowa. Shi ya sa dattawa suka ce mu binciko gaskiyar magana.

Za mu faɗi taƙaitaccen abin da muka samo tun da farko, don wanda zai tashi da wuri ya tafi da shi. Gaskiya ne masana suna gwada wani sabon salon allurar sanƙarau da ke aiki da ƙwayoyin gado. Amma har yau da muke magana, babu ƙasar da ta ba irin wannan allura ta sanƙarau lasisi. Ba ta asibiti, ba ta kemis, ba ta wurin awo. Allurar da ake yi wa yaranmu da alhazanmu wata ce daban, kuma an daɗe ana amfani da ita.

Cutar da muka sani

Babu dattijo a nan da za mu koya wa sanƙarau. Ma'aikatan asibiti a ƙasar nan suna ce mata CSM. Kumburi ne na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta iri-iri na iya kawo shi, amma wadda ta fi tayar da annoba a ƙasashenmu ita ce bakteriyar da likitoci ke kira Neisseria meningitidis. Abin mamaki shi ne, kusan mutum ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ita a maƙogwaro yana yawonsa lafiya lau. Ta tari da atishawa da cunkoson ɗaki take wucewa daga wannan zuwa wancan. Idan iska ta bushe, ƙura ta kakkarce hanci da maƙogwaro, sai ta samu ƙofar shiga jini. Daga nan tana iya kashe mutum cikin kwana guda. Ko da an samu magani, kusan ɗaya cikin goma yakan rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, raunin ƙwaƙwalwa, ko rasa yatsu.

Akwai wani yanki da ya ratsa Afirka daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, wanda masana ke kira zirin sanƙarau. Arewacin Ghana na ciki, haka Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya, Cadi da Sudan. A 1996 zuwa 1997 aka yi annobar da ta kama mutum fiye da 250,000 a wannan yanki, ta kashe kimanin 25,000. A Najeriya kaɗai an rasa fiye da mutum 11,000 a 1996. A arewacin Ghana ta kama fiye da mutum 18,000. Akwai waɗanda ke zaune a wannan rumfa da suka yi zaman makoki a wannan shekara.

Wani zai ce ai mu a Kumasi muke, ba a Bawku ko Wa ba. Haka ne, amma zango masauki ne. Kowace safiya motoci na sauke mutane daga Bolga da Tamale da Yamai da Sakkwato. 'Yan matanmu masu dakon kaya a kasuwa suna kwana goma sha a ɗaki ɗaya. Yaranmu na makarantun kwana a arewa, almajirai na zuwa suna komawa, alhazai na tafiya Makka duk shekara. Abin da ya taɓa arewa bai yi mana nisa ba.

Allurar da muke da ita a hannu

Don a gane sabuwar, sai an fara gane tsohuwar. Wannan bakteriya tana sanye da wata riga ta sukari da take ɓuya a cikinta. Da launin rigar, idan za mu ce haka, ake raba ta gida-gida. Gidaje shida ne ke yawan kawo cuta: A, B, C, W, X da Y. Allurar da muka saba da ita guntun wannan riga ce aka ɗebo, aka tsarkake, babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Kamar a kawo wa masu gadin unguwa rigar ɓarawo ne a ce su duba da kyau, duk ranar da suka ga mai irinta su kama shi. Masu gadin su ne garkuwar jiki.

Gidan A shi ne ya fi yi mana ɓarna shekara da shekaru. A watan Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya yi ta, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace ɗaya. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, nan cikin Ghana, tana cikin wuraren da aka gwada ta a kan jarirai kafin a sa ta cikin allurar yara. An yi gangaminta a jihohin arewacin Ghana a 2012, kuma tun 2016 ake yi wa yaro ita idan ya kai wata 18. Tun daga nan annobar gidan A ta kusan ɓacewa daga yankin gaba ɗaya. Wannan alheri ne da muka gani da idonmu.

Sai dai da aka tare A, sauran suka ɗago kai. Gidan C ya yi annoba a Nijar a 2015, sannan a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, inda aka rasa fiye da mutum 1,000. Gidan X ya ɓulla a jihar Upper West a 2020. Saboda haka aka haɗa wata allura mai tare gidaje biyar a lokaci guda, A, C, W, Y da X, ana ce mata Men5CV. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024.

Alhazai kuma sun san tasu. Bayan ɓarkewar sanƙarau a aikin Hajjin 1987, da kuma ta gidan W a 2000 da 2001 wadda alhazai suka koma da ita ƙasashensu, Saudiyya ta wajabta allura mai tare A, C, W da Y. Ita ce ake rubuta muku a katin allura, kuma sharaɗin shi ne a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa.

Ina gidan B? Nan ne gizo ke saƙa. Rigar gidan B ta yi kama da wani sukari da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, don haka garkuwar jiki ba ta ɗaukarta baƙuwa. In ka nuna wa masu gadi rigar da ta yi kama da ta mai gida, ba za su kama kowa ba. Wannan ya sa masana suka daɗe a tsaye. Sai a shekarar 2000 aka karance duk rubutun gadon wannan bakteriya, wani masani ɗan Italiya mai suna Rino Rappuoli da abokan aikinsa suka bi rubutun suna neman wasu alamomi na jikinta da ba riga ba. Daga ɗaruruwan da suka tantance, aka fitar da kaɗan, aka yi allurar Bexsero da Turai ta amince da ita a 2013. Ingila ta sa ta cikin allurar jarirai a 2015. Masu jikoki a Landan, idan kun ji an ce an yi musu MenB, ita ce. Gidan B ya fi damun Turai da Amurka fiye da mu. Wannan allura ma ba ta sabon salon ba ce: an yi amfani da ilimin gado wajen nemo abin da za a sa a cikinta, amma abin da ke cikin kwalbar guntayen jikin bakteriya ne.

To, mece ce sabuwar?

Iyaye, a ba mu aron kunne a nan, domin nan ne jita-jita ta samu wurin shiga.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. A tsakiyar kowane ɗaki akwai wani akwati da ke ajiye da rubutun gado, wanda ake kira DNA. Shi ne ya sa yaro ke ɗauko hancin kakansa. Duk abin da jiki zai ƙera, sai a kwafi ɗan layin da ake buƙata daga wannan rubutu a kan wata 'yar takarda ta wucin gadi, a fito da ita waje, ma'aikatan ɗakin su karanta su ƙera. Wannan 'yar takarda ita ce mRNA. Da an gama aiki da ita, jiki ya yayyage ta. Yanzu haka da muke zaune, jikin kowannenmu yana rubuta irinta yana yagawa ba adadi.

Mu koma misalinmu na ɓarawo. Tsohon salo shi ne a kawo abin ɓarawon a nuna wa masu gadi. Sabon salo kuwa, takardar awo ake aikowa. Telan gida ya karanta, ya ɗinka hular ɓarawon, ya rataye a ƙofa, masu gadi su gani su haddace. Ba a aiko ɓarawon ba, ba a aiko ko da hularsa ba, awon hular kawai aka aiko. Bayan 'yan kwanaki takardar ta lalace, amma masu gadi sun riga sun san abin da za su nema.

Hanyoyi uku ake bi wajen isar da wannan takarda. Ta farko, a aiko ta a matsayin mRNA a naɗe cikin ɗan ɗigon mai. Irinta ce allurar korona ta Pfizer da ta Moderna, kuma a kan binciken da ya share mata hanya aka ba Katalin Karikó da Drew Weissman kyautar Nobel a 2023. Ta biyu, a aiko ta a matsayin ɗan zoben DNA. Indiya ta amince da allurar korona irin wannan a 2021. Ta uku, a samu wani bairas da aka kashe wa ƙarfin haihuwa, a ba shi takardar ya kai kamar ɗan aike. Allurar korona ta AstraZeneca, wadda ta sauka a Accra a watan Fabrairun 2021 kuma da yawanmu muka karɓa, irin wannan ce.

Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila sun ɗauki wannan ɗan aike da aka yi allurar AstraZeneca da shi, suka ba shi awon wata alama ta jikin sanƙarau gidan B. Alamar tana da muhimmanci, domin da ita bakteriyar ke kama wani sinadari na jininmu ta yafa, ta yaudari garkuwar jiki. Sun fara da ɓeraye, sannan suka gwada a kan wasu manya masu lafiya da suka ba da kansu a can Ingila. Jikin waɗannan mutane ya amsa, ya ƙera makamin da ke kashe bakteriyar da aka yi awon daga gare ta. Amma wannan alama takan bambanta daga dangi zuwa dangi na bakteriyar, kuma kariyar ba ta game dukkan dangogin ba. Salon zoben DNA kuwa, shekaru ana gwada shi kan ɓeraye, amsar da jiki ke bayarwa ba ta yi ƙarfin da ake so ba.

Me ya sa abin da ya yi sauri a korona yake jan ƙafa a sanƙarau? Dalili biyu ne, kuma duk mai sana'a zai gane su. Na ɗaya, telan jikinmu furotin kawai yake iya ɗinkawa daga irin wannan takarda. Rigar sukarin nan da muka ce ita ce asirin nasarar allurar A da C da W da X da Y ba furotin ba ce, don haka ba ta aikuwa a takarda. Dole a nemo wata alama ta furotin, su kuwa suna da saurin canza kama. Na biyu, korona bairas ce, wadda dama a cikin ɗakunan jikinmu take ƙera kayanta, don haka telanmu ya iya ɗinkinta. Bakteriya kuwa da nata telan take zuwa. Idan aka ba telanmu awon kayanta, wani lokaci sai ya karkace ɗinkin, ko ya ƙara masa ado da babu a na asali, masu gadi su haddace abin da ba shi ɓarawon zai sa ba.

To me ya sa ake wahala a kai? Saboda idan aka dace, amfanin na da yawa. Ana iya canza takardar awo cikin makonni idan wani sabon dangi ya ɓulla, ba sai an sake gina masana'anta ba. Ana iya haɗa awo da yawa cikin allura ɗaya. Kuma injin da ya buga takardar wata cuta zai iya buga ta wata. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2021, aka buɗe masana'antar BioNTech a Kigali ta Ruwanda a ƙarshen 2023, Ghana ma ta kafa hukumarta ta alluran rigakafi a 2023. Wanda ya tuna yadda Afirka ta tsaya a bayan layi lokacin korona ya san darajar a ce muna yin namu. Akwai kuma wani tsauni da sai an haye: wasu alluran mRNA na korona sai da aka ajiye su a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri, alhali MenAfriVac tana iya yin kwana huɗu ba firji a zafin da ya kai digiri 40. Allurar da ba za ta iya kaiwa ƙauye a bayan babur cikin watan Maris ba, ba ta gama zama tamu ba.

Shin tana canza halittar mutum?

A'a. Takardar mRNA ba ta shiga akwatin da rubutun gado yake, a waje ake karanta ta, kuma cikin 'yan kwanaki take lalacewa. Ɗan aiken bairas kuwa yakan kai saƙonsa cikin akwatin, amma ba a ƙera shi don ya manne da rubutun gado ba, kuma ba ya iya hayayyafa. Irin danginsa ne ke kawo mana mura tun muna yara, ba su mayar da kowa wani abu ba. An yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane waɗannan allurai a zamanin korona, mata sun ci gaba da ɗaukar ciki suna haihuwa, a zangon nan ma ba mu daina zuwa suna ba.

Ba kuma za mu ce muku babu illa ko kaɗan ba, domin amana ce tsakaninmu. Bayan ciwon hannu da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, an gano cewa allurar AstraZeneca takan kawo wani irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, allurar mRNA kuma takan kawo kumburin zuciya ga ƙalilan, galibi samari, yawancinsu kuma sukan warke. An gano waɗannan ne saboda ana sa ido, aka kuma sanar da duniya. Dalilin da ya sa ake yin gwaji mataki-mataki ke nan: a fara da dabbobi, sai mutane 'yan goma don a ga ko akwai cutarwa, sai ɗaruruwa don a ga awon da ya dace, sai dubbai don a ga ko tana karewa. Allurar sanƙarau ta Oxford a matakan farko take.

Maganar halacci kuwa, ta malamai ce, ga su nan zaune. Abin da za mu iya cewa shi ne, lokacin korona majalisun malamai a ƙasashen Musulmi da dama sun duba irin waɗannan allurai suka ba da fatawar halaccinsu, Saudiyya ma ta sa su sharaɗin Hajji a lokacin. Duk ranar da ta sanƙarau ta fito, haƙƙinmu ne mu nemi jerin abin da ke cikinta mu kai wa malamanmu.

Abin da ya faru a Kano

Ba za mu tashi ba tare da mun taɓa wannan ba, domin mun san shi ne ke ƙasan zuciyar da yawa daga cikin iyayenmu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran. An yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce. An cuci mutane sau ɗaya da rashin bayani, sannan tsoro ya sake cutar da 'ya'yansu.

Nan Ghana ma, a 2015 an shirya gwajin allurar Ebola a Hohoe, jama'a suka tayar da hankali saboda ba a yi musu bayani tun da wuri ba, maganar ta kai majalisa, gwajin bai gudana ba. A shekarar kuma aka gwada wata allurar Ebola mai ɗan aiken bairas a Gini, da yardar mutane, ta yi aiki, yau da ita ake tare annobar a Kwango. Navrongo ma da yardar iyaye aka yi, ga shi duk yankin na cin moriya.

Darasin da muka ɗauka shi ne, ba gwaji ne abin gudu ba, gwajin ɓoye ne abin gudu. Idan kuma ba a gwada allura a kan irin yaranmu da irin yanayinmu ba, za a kawo mana abin da aka auna a jikin wasu. Saboda haka idan wata rana aka zo zango da maganar gwajin kowace irin allura, ga abin da za mu tsaya a kai:

Su fara zuwa wurin sarki da limamai da shugabannin mata, a yi magana a fili.

Su nuna takardar izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da ta kwamitin da ke duba haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu.

A yi bayani da harshen da mutum yake ji. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa gaban shaidan da ba ma'aikacinsu ba, kafin ya dangwala yatsa, kuma a ba shi kwafin takardar ya tafi da ita gida.

A faɗa mana wane mataki ne, mutum nawa aka yi wa a baya, me ya same su, kuma wa zai ɗauki nauyin jinya idan wani abu ya faru.

Kowa na da ikon ƙi, da ikon fita a tsakiya, kuma ba za a hana shi magani a asibiti saboda haka ba. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

Ba a biyan kuɗi don shiga gwaji. Duk wanda ya zo da jaka yana sayar da sabuwar allurar sanƙarau, ɗan damfara ne, a sanar da mu ko ma'aikatan lafiya.

Abin yi a wannan hunturu

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Iyaye mata, yau da daddare a ɗauko katin awo a duba. Yaron da ya kai wata 18 ba a yi masa allurar sanƙarau ba, a kai shi, kyauta ce. Allurar da ake yi wa jarirai tun suna sati shida ma tana tare wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, kada a tsallake ta. Maniyyata, ku tabbata an yi muku allurar da gaske. Katin da aka buga wa hatimi ba a yi allura ba, ba zai tare komai a Mina ba, kuma abin da ka ɗauko za ka kawo wa jikokinka ne.

A rage cunkoson ɗaki gwargwadon hali, a bar taga a buɗe, a rage hayaƙi a inda ake kwana, a yawaita shan ruwa. Masu gidajen haya da malaman allo, wannan ta fi shafarku.

A kuma san alamomi: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayarwa. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba; sai ka ga maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono, yana kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas. Wani lokaci ƙuraje masu duhu kan fito waɗanda ba sa dushewa in an danna su da gilashin kofi. A fatarmu an fi ganinsu a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Kada a jira su fito. Kada a ce bari mu ga safiya, kada a tsaya kemis, kada a ce sai mai gida ya dawo. Akwai maganin da ke kashe wannan bakteriya, amma allura ce ta asibiti, kuma awa ɗaya na da daraja. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. In kuɗin mota ne matsala, a buga wa kowane ɗan kwamiti ko da tsakar dare ne, asusun marasa lafiya don haka aka tara shi. Wanda katin inshorar lafiyarsa ya mutu, ya same mu bayan taro mu taimaka a sabunta.

Ƙasashen duniya sun amince a 2020 cewa za su yi ƙoƙarin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Ko sabuwar allurar za ta kasance cikin makaman da za a kai ga haka, gwaji ne zai nuna, mu kuma za mu ci gaba da bibiya muna kawo muku labari a wannan takarda. Kafin nan, duk saƙon da ya shigo waya kan allura, kada a tura shi gaba sai an tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya jiƙan waɗanda wannan cuta ta ɗauke mana, ya ba waɗanda ta bar wa tabo haƙuri da lada, ya tsare mana zuriya, ya kai mu damina lafiya. Yanzu za mu saurari tambayoyi, kuma bisa al'ada, iyayenmu mata ne za su fara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.